Sharhi: Kuɗin agaji na ƙafewa, wa zai riƙe lakol ɗin ƙauye?

Sharhinmu na wannan mako ya shafi kuɗin da ƙasashen waje da ƙungiyoyin agaji ke zubawa a makarantun firamare na ƙasashe matalauta irin tamu. Kuɗin nan suna raguwa, kuma raguwar mai yawa ce. Duk mai ɗa a CI ko ɗiya a CM2 ya kamata ya san halin da ake ciki tun yanzu, kafin ya ji daga bakin darakta ranar da za a ce alli ya ƙare, ko an rufe kantin.

A watan Satumba na 2025, asusun UNICEF ya fitar da wani lissafi mai tayar da hankali. Ya ce tallafin da ake bai wa ilimi a duniya zai ragu da dala biliyan 3.2 zuwa shekarar 2026. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Wannan ragi ya kai kusan kashi 24 cikin 100 in aka kwatanta da 2023. Asusun ya ce idan haka ta tabbata, ƙarin yara miliyan 6 za su iya rasa makaranta, a kan miliyan 272 da ke zaune gida tun da ma. Yankin da abin zai fi duka shi ne namu, Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda ake fargabar yara miliyan 1.9 za su fita daga aji.

Dalilin bai ɓuya ba. Ranar 20 ga Janairun 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da agajin ƙasarsa na kwana 90. A watan Maris aka ba da sanarwar soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan hukumar USAID, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe hukumar gaba ɗaya. A watan Fabrairu Birtaniya ta ce za ta rage agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na arzikin da take samu, don ta ƙara wa sojojinta. Faransa da Jamus su ma sun rage nasu. Yaƙin Yukren, tsadar rayuwa a Turai da siyasar "namu tukuna" sun haɗu sun sa mai bayarwa ya maida hannu aljihu.

Mu a Nijar, ƙafewar ta riga ta sauran duniya. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, Tarayyar Turai da Faransa sun dakatar da tallafin kasafin kuɗi, Bankin Duniya ya tsayar da sakin kuɗi na wani lokaci, CEDEAO kuma ta ƙaƙaba takunkumi. A watan Oktoba na wannan shekarar, hukumomi suka zaftare kasafin ƙasa daga biliyan 3,290 na CFA zuwa biliyan 1,980, ragin kashi 40 cikin 100. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Bankin Duniya ma ya dawo aiki a cikin shekarar, amma ba a koma yadda ake a da ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa

A ƙauye, duk abin da ya zo cikin farar mota mai tambari "furoje" muke ce masa. Amma kuɗin kala-kala ne, kuma sanin bambancinsu yana da amfani.

Akwai kyauta daga gwamnati zuwa gwamnati, wadda ba a biya. Akwai bashi mai sauƙin sharaɗi, irin wanda Bankin Duniya da Bankin Musulunci na Raya Ƙasa ke haɗawa da kyauta, shi kuwa ɗiyanmu ne za su biya nan gaba. Akwai agajin gaggawa na ƴan gudun hijira da waɗanda ambaliya ta shafa, kamar na asusun Education Cannot Wait da aka kafa a 2016. Sai kuma sadakar mutane ɗaiɗaiku, wadda ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tarawa a masallatai, coci-coci da intanet a ƙasashen Turai da na Larabawa.

Babban asusun da aka keɓe wa ilimin firamare shi ne wanda ake kira PME da Faransanci, GPE da Turanci. An kafa shi a 2002, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shiga. Duk bayan ƴan shekaru ake kiran taron tara masa kuɗi. A Dakar a 2018 an yi alƙawarin dalar Amurka biliyan 2.3. A Landan a 2021 an nemi biliyan 5, aka samu alƙawarin biliyan 4. A 2025 aka fara neman wata biliyan 5, bisa jagorancin maƙwabciyarmu Najeriya da Italiya. Adadin zai yi wa kunne girma, sai dai a tuna ƙasashe masu yawa ne za su raba shi cikin shekara biyar. UNESCO ta ƙiyasta cewa giɓin da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke da shi, in ana so kowane yaro ya yi karatu zuwa 2030, ya kai dalar Amurka biliyan 97 a kowace shekara. Ke nan ko lokacin da ake bayarwa da hannu biyu, abin bai taɓa isa ba.

Wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba: albashin mushe da madam daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, kuma shi ke cinye mafi yawan kasafin ilimi. Abin da ke saura don gini, teburan zama, littattafai, horon malamai da abincin yara ɗan kaɗan ne. A wannan gurbin ne masu agaji suka daɗe suna shigowa. Saboda haka in sun janye, lakol ba za ta rufe rana ɗaya ba. Mushe zai zo, yara za su zo, amma aji zai zama wayam, babu littafi, babu kaye, babu abinci, rufin da iska ta kware kuma zai zauna a haka.

Abin da tallafin ya yi

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta. A taron Dakar na 2000, ƙasashen duniya sun yi alƙawarin cewa duk ƙasar da ta tashi tsaye don ilimin kowa, rashin kuɗi ba zai hana ta ba. A lokacin, kusan yaro ɗaya cikin uku ne ke shiga firamare a Nijar. Da shirin raya ilimi na shekara goma, PDDE, wanda aka fara a 2003 da haɗin gwiwar masu agaji, adadin ya haura bakwai cikin goma kafin shirin ya ƙare. Ƙauyuka da yawa da a da sai yaro ya taka kilomita biyar ko goma zuwa gari mai lakol, sun samu tasu. Ƴan mata da iyayensu mata ba su taɓa riƙe alli ba sun zauna aji.

Kantin ma abin ambato ne. A yankunan makiyaya na Tawa, Dakwaro, Tanut da Gure, da wuraren da damina ba ta yi kyau ba, abincin da hukumar PAM ke kaiwa shi ke riƙe yaro a aji lokacin da iyayensa suka tashi da dabbobi, ko suka tafi ci-rani bayan rumbu ya ƙare. Duk malamin daji zai shaida maka cewa ranar da aka daina ɗora tukunya, rabin aji ke watsewa.

Akwai kuma irin taimakon da ya bar abu mai ɗorewa ba tare da ya zuba kuɗi mai yawa ba. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara wani shiri a jihar Tawa na kafa kwamitocin iyaye da malamai, wato COGES. Dabarar mai sauƙi ce: a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar sirri a gaban taron gari, a rubuta abin da za a yi wa makaranta a shekara, a dawo a ba jama'a lissafi. Daga Tawa abin ya bazu duk ƙasa, har wasu ƙasashen maƙwabta suka kwaikwaya. Yau ga shi furoje da yawa sun zo sun wuce, kwamitocin suna nan, wasu da rai, wasu sai suna.

Abin da bai yi ba

An cika aji da yara, sai dai karatun bai bi sawu ba. Akwai gwajin da ake yi wa ɗaliban ƙasashe masu amfani da Faransanci, ana kiransa PASEC. A na 2014, cikin yara goma ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, ba a samu ko ɗaya cikakke da ya kai matakin karatun da ake so ba. A na 2019 an samu ci gaba, aka kai kusan uku cikin goma. Har yanzu dai bakwai na fita bayan shekara shida ba su iya karanta takarda su fahimce ta yadda ya kamata. Uban da ya hana ɗansa kiwo da noma shekara shida, ya ga yaron bai iya karanta masa takardar likita ba, in ya ce lakol ɓata lokaci ce, da wane baki za a ba shi amsa?

Tushen matsalar na da alaƙa da yadda aka samo malamai. A shekarun 1980 da 1990, shirye-shiryen tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya sun taƙaita ɗaukar ma'aikata. Da aka tashi faɗaɗa makarantu cikin gaggawa, sai aka koma ɗaukar ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, masu ɗan gajeren horo da biyan da bai kai na cikakken ma'aikaci ba. Masu ba da kuɗi sun goyi bayan wannan hanya saboda ta fi arha. Cikin ƴan shekaru ƴan kwantaragi suka zama mafi rinjaye a firamare. Da aka yi musu gwaji a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Laifin bai tsaya kan matashin da ya karɓi aikin don ya ci abinci ba. An tura shi daji babu isasshen horo, kuɗinsa na makara, yajin aiki na cinye makonni. Abin da aka shuka ke nan aka girba.

Sai maganar ajin zana. A 2021 hukumomi da kansu sun ce akwai azuzuwan kara da zana kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Ranar 13 ga Afrilu na wannan shekara, gobara ta kashe yara kimanin 20 a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Ranar 8 ga Nuwamba, wata gobarar ta ci rayukan yara aƙalla 25 a nan Maraɗi, ƴan shekara biyar zuwa shida. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Wannan ya faru ne bayan kusan shekara ashirin ana karɓar tallafi. Ko ba gobara, ajin zana ɓarawon lokaci ne. Ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, wani wuri sai Nuwamba ko Disamba, ruwan farko na sauka kuma an tashi. Shekarar wata tara sai ta koma wata shida. A 2024 ma ambaliya ta sa an ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata.

Me ya sa ginin bai cim ma buƙata ba? Ƙidayar 2012 ta nuna mu miliyan 17 ne. Yau mun haura miliyan 25, kusan rabinmu kuma ba su kai shekara 15 ba. Kowace Oktoba ƴan CI na bana sun fi na bara yawa. Ko shiri mai girma irin LIRE, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dalar Amurka miliyan 140 a 2020, yana gudu ne bayan jirgin da bai tsayawa. Ga kuma ɗaruruwan makarantun da rashin tsaro ya rufe, mafi yawansu a jihar Tillaberi, waɗanda yaransu suka kwararo wasu garuruwa suka ƙara cunkoso.

Kuɗi mai igiya a wuya

Furoje na da ranar farawa da ranar ƙarewa, galibi shekara uku zuwa biyar. Yaro kuwa shekara shida yake buƙata a firamare, bayansa ga ƙaninsa, bayan ƙanin ga wani. Mai agaji ya fi son abin da za a ɗauki hotonsa a kai wa waɗanda suka ba da kuɗin: sabon aji mai fenti, allo mai tambari, yara riƙe da jakunkuna. Gyaran rufi bayan shekara biyar, alli na kowane wata da kuɗin man babur ɗin sufeto da zai zagaya ya ga ko mushe na aji, babu mai son ɗaukar nauyinsu, alhali su ke sa karatu ya yiwu. Wani kaso na kuɗin kuma a hanya yake tsayawa, wajen albashin ƙwararru, motoci, hayar ofis da tarurrukan otal a Yamai. Don rage wannan ne aka kafa asusun bai ɗaya na ilimi a 2017, inda masu bayarwa ke zuba kuɗinsu wuri guda a kashe su ta hanyar tsarin gwamnati. Shi ma da siyasa ta juya a 2023, wasu masu zubawa suka dakata.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A 2008 Amurka ta fara wani shiri mai suna IMAGINE na gina makarantu 68 masu kyau a karkara, musamman don ƴan mata. Da rikicin tazarce ya taso a 2009, aka dakatar da tallafin, aka tsaya a 62. Yaran ƙauyukan da suka rasa ba su san kundin tsarin mulki ba, ba su kaɗa ƙuri'a ba, amma su suka biya. Haka yake a kowane zamani: manya su yi rigima a Yamai ko Washinton, ɗan shekara bakwai a Mayahi ko Matamai ya zauna ƙasa.

Masu cewa su tafi da kuɗinsu

A fada da tasha da Facebook, za ka ji ana cewa su riƙe abinsu, da ma ba don Allah suke bayarwa ba. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Agaji yakan zo da sharaɗi, wani lokaci ya taɓa abin da za a koyar, kuma ƙasar da wasu ke biya wa littafin ɗanta ba ta da cikakken iko da abin da ke cikin littafin. Hukumomin yanzu sun tsaurara sa ido kan ƙungiyoyi. A Nuwamban 2024 an janye izinin ƙungiyar Acted, a Fabrairun 2025 kuma aka nemi kwamitin Red Cross na duniya ya bar ƙasar. Kowace ƙasa na da haƙƙin sanin wanda ke aiki a cikinta da abin da yake yi.

Sai dai ƴanci na da nasa lissafin. In mun ce guntun gatarinmu ya fi sari ka ba ni, to dole gatarin ya yi sara. Wanda ya ce a tafi da kuɗi, sai ya faɗi wanda zai saye buhun shinkafar kantin na watan gobe. Ɗan mai hali ba ruwansa, yana makarantar kuɗi a birni. Ɗan talaka na ƙauye shi zai ji a jikinsa, ɗiya mace kuma ita ce ta farko da za a cire a ɗora mata talla ko a yi mata aure, duk da dokar Disamban 2017 da ta tanadi kare karatun ƴan mata har shekara 16. Saboda haka a ganinmu, taimakon da ya zo da mutunci, ya bi tsarin ƙasa, a karɓe shi, a yi masa godiya. Abin da ba zai yiwu ba kuma shi ne a ci gaba da ɗora gindin makaranta a kansa.

Nauyin da ke kan gwamnati da komin

A taron Incheon na ƙasar Koriya ta Kudu a 2015, ƙasashen duniya sun amince kowace gwamnati ta ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da take kashewa. Gwamnatin da ta gabata ta yi alƙawarin kashi 22. Alƙawari a takarda daban, abin da ya isa makaranta daban, musamman yanzu da tsaro ke cin kaso mai tsoka. Amma ƙasar na da ƙofofin da ba ta da su a 2003. Tun 2024 ana fitar da ɗanyen man Agadem ta bututu zuwa gaɓar teku a Benin. A Yunin 2025 an maida kamfanin yuraniyom na Somaïr hannun ƙasa. Akwai kuma asusun haɗin kai na ceton ƙasa, FSSP, da aka kafa a Oktoban 2023, wanda kowane mai waya ke sa dala biyu-biyu a cikinsa in ya sayi kira ko intanet. Talakan da ke biya na da haƙƙin tambaya: nawa daga ciki ya zama aji na siminti, a wace jiha, a wane ƙauye? A buga lissafin, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamajak da Barbarci. In jama'a sun ga inda kuɗinsu ya shiga, ba sai an roƙe su su ƙara ba.

Tun 2016 aka miƙa wa komin-komin wani ɓangare na kula da firamare. An miƙa aikin, amma kuɗin bai bi shi yadda ya kamata ba. Kantomomin da aka naɗa a maimakon magadan gari tun 2024 su ke karɓar harajin kasuwa da na tasha. Ya kamata kowane komin ya fito ya faɗi azuzuwan zana nawa gare shi, da nawa zai maida na gini a bana, ko da biyu ne.

Akwai gyaran da ba ya buƙatar kuɗin waje mai yawa. Na farko, a biya ƴan kwantaragi a kan lokaci. Na biyu, harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma an daɗe da ganin cewa yaron da ya fara karatu da harshen da yake ji ya fi saurin kamawa, har Faransancin ma ya fi zo masa da sauƙi daga baya. Shekara hamsin ke nan abin bai wuce gwaji ba, littattafansa ma galibi furoje ne ke bugawa. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata a ga hakan a ajin CI, tare da sauran harsunanmu kowane a yankinsa, da littafin da muka buga da kuɗinmu.

Abin da gari da ƴan ci-rani za su iya

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutanen karkara sun daɗe suna ɗaukar nauyin lakol ba tare da an rubuta sunansu a allo ba. Su ke ba da kara da itace, su ke kafa rumfa, su ke ba mushe ɗaki, wani wuri har da tiyar hatsi. In aka lissafa wannan da kuɗin kaye da bik da iyaye ke saye, talaka ma babban mai agajin ilimi ne a ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne tsari.

A fara da COGES. Yaushe rabon da a yi zaɓe a garinku? Wa ke riƙe da kuɗi, kuma yaushe ya karanta lissafi a gaban jama'a? Mata nawa ke ciki? Kwamitin da mai gari ya naɗa ɗan ƙaninsa ya riƙe shekara goma, babu wanda zai amince ya ba shi ko dala.

Ku kuma ƴan uwa na ƙetare, kuɗin da kuke turowa ta Nita, Al Izza da Amana su ke riƙe gidaje da yawa lokacin bazara. Mun ga yadda kuke haɗa hannu ku gina masallaci ko ku gyara rijiya, Allah Ya saka. Makaranta ma na cikin sadaka mai gudana. Ga lissafi mai sauƙi: ƴan gari 100 a rukunin WhatsApp ɗaya, kowa ya sa jika biyu a wata, jika 200 ke nan, a shekara miliyan 2.4 na CFA. Ku tambayi magini a garinku abin da wannan zai iya yi. Amma kafin a tura, a kiyaye abubuwa kaɗan. A tambayi darakta da iyaye abin da ya fi damunsu, don wani wuri ba aji ake buƙata ba, makewayi ne na ƴan mata, ko ruwan sha, ko gidan da madam za ta zauna ta daina yin kwana uku a birni. A sanar da sufeto da komin kafin a aza tubali, don a tabbatar za a turo malami. Kuɗi kada su zauna hannun mutum ɗaya, a sa mutum uku su sa hannu, a turo hoton rasit a rukuni kowa ya gani. A kuma ware wani abu na gyara tun ranar farko, kada mu maimaita kuskuren da muke zargin furoje da shi.

Manyan ƴan kasuwarmu na Maraɗi, Damagaram, Ƙonni da Tawa su ma da magana a kansu. Alhazan da Allah Ya hore wa suna iya yin wakafi, shago ko gona ko gidan haya da za a tsayar, abin da ya fito ya riƙa tafiya ga makarantar garinsu duk shekara, ko ta boko ko ta Faransanci da Larabci. Wannan hanya ce da Musulunci ya san ta tun da daɗewa, kuma ba ta jiran zaɓen wata ƙasa. Malamanmu na addini za su taimaka ƙwarai in suka riƙa bayyana wa jama'a hukuncinta a wa'azi.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Karo-karon gari ba zai gina azuzuwa dubu talatin da shida ba, ba zai biya albashin malami ba. Wannan aikin gwamnati ne, kuma tara kuɗin gari bai sauke mata shi ba. Amma garin da ya sa nasa a makaranta ya fi ƙarfin bakin tambayar hukuma, ya fi kuma lura da ranar da mushe bai zo ba.

Muna so mu ji daga gare ku. A garinku azuzuwa nawa ne na zana a bana? Kantin na aiki ko ya tsaya, kuma tun yaushe? Akwai abin da ƴan garinku na waje suka yi wa makaranta wanda wasu za su koya? Ku aiko mana da saƙon murya, ku faɗi sunan ƙauye da komin. Za mu tattara mu karanta a shirinmu na ilimi, mu kuma gayyaci hukumomin ilimi na jiha su zo su amsa a gaban makirfo.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun ji ku.